Cin Tudu Biyu Ne Ko Haƙƙi Biyu? Maganar Nakasasshen Da Ke Neman Aiki



Akwai wata magana da ake yawan yi a majalisu a Ƙaraye da Rogo duk lokacin da aka kafe sunayen masu cin gajiyar wani tallafi. Sai a ce: "Wane fa sunansa ya fito a na matasa marasa aiki, ga shi kuma ya kai takardunsa wajen na masu buƙata ta musamman. To shi wanne ne a ciki? In yana iya aiki, me ya kai shi layin nakasassu? In ba ya iyawa, don me zai tare gurbin mai lafiya?" Daga nan sai a yanke masa hukunci, a ce cin tudu biyu yake so, alhali taura biyu ba ta taunuwa.

Ni a ganina tambayar ce ke da gyara. Mutum yana iya zama nakasasshe kuma mai neman aiki a rana ɗaya, bai yi wa kowa ƙarya ba. Wanda ya tilasta masa ya zaɓi suna ɗaya, shi ne yake koya masa ƙarya.

Ba a kanmu aka fara wannan gardama ba. A Amurka akwai kuɗin da ake biyan wanda ya rasa aikinsa, a yawancin jihohi har tsawon mako 26, da sharaɗin ya riƙa tabbatar da cewa yana da ikon yin aiki kuma yana nema. Akwai kuma inshorar nakasa da suka kafa a 1956, wadda sharaɗinta shi ne lalura ta hana mutum aikin da zai riƙe shi. Wannan ta biyun ba ta fara biya sai an yi wata biyar ana jira, bayan watannin da ake ɗauka ana duba takardu. Mutumin da ciwo ya raba da aikinsa sai ya shiga tsaka mai wuya: ya ce yana iya aiki don ya ci abinci yau, ko ya ce ba ya iyawa don ya tsira gobe. A 1999 wata shari'a mai kama da wannan ta kai Kotun Ƙolin ƙasar. Wata mata mai suna Carolyn Cleveland ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, ta nemi kuɗin nakasa, sannan ta kai ƙarar kamfanin da ya sallame ta, tana cewa da an sauƙaƙa mata yanayin aiki da ta ci gaba da yi. Kotunan ƙasa suka ce bakinta biyu. Kotun Ƙoli ta ce maganganun biyu ba lallai ne su ci karo ba, abin da ke kanta kawai shi ne ta yi bayanin yadda suka haɗu.

Mu a Najeriya ba mu da albashin rashin aiki irin nasu. Abin da muke da shi shirye-shirye ne masu zuwa su wuce. N-Power ya fara a 2016 yana biyan masu takardar gaba da sakandare N30,000 a wata, aka dakatar da shi a Oktoban 2023. A 2021 an yi shirin ayyuka 774,000, mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, ana biyan N20,000 a wata na tsawon wata uku. Ke nan Ƙaraye gurbi dubu, Rogo gurbi dubu. An yi tallafin N5,000 a wata na gidajen talakawa, sai N25,000 na wata uku da gwamnatin Tinubu ta sanar a 2023 bayan cire tallafin man fetur. A ɗaya ɓangaren kuma akwai rabon da ake ware wa masu buƙata ta musamman: keken guragu, buhun shinkafa da azumi, ɗan jari in an yi sa'a. Layi biyu ne, kowanne da fom ɗinsa, kuma kowane fom yana son mutum ya bayyana kansa da fuska ɗaya.

Mu ƙaddara wani matashi daga Yammedi ko Zarewa. Yana da NCE, aikin koyarwa bai samu ba, sai ya kama acaɓa yana kai mutane kasuwannin ƙauye. Ya yi haɗari, ƙafa ta karye, aka fara ɗorin gida, daga baya abin ya rikice har aka dangana da Asibitin Ƙashi na Dala, ƙarshe dai ƙafar ba ta koma daidai ba. Babur ya tafi a kuɗin magani. Wannan matashi ba zai ƙara hawa babur ba, ba zai yi huɗa ba, ba zai yi dakon rake ba. Amma zai iya koyar da 'yan aji huɗu lissafi yana zaune. Zai iya riƙe shagon POS, zai iya zama malamin rajista a asibiti. To wane layi za mu tura shi? In ya shiga na marasa aiki, gaskiya ya faɗa, don ba shi da aiki kuma yana so. In ya shiga na nakasassu, nan ma gaskiya ya faɗa, ga ƙafar nan kowa yana gani.

Kuskurenmu shi ne muna ɗaukar "iya aiki" kamar fitila, ko tana kunne ko tana kashe. A ƙasar noma irin tamu, inda aiki ke nufin fartanya da garma da noman rani a bakin dam ɗin Challawa, da zarar mutum ya rasa ƙarfin jiki sai a ce ya tashi daga aiki. Shi kansa shirin 774,000 ɗin, akasarin abin da aka tanada share magudanan ruwa ne da gyaran hanya da tsaftace kasuwa, wato aikin mai ƙafa biyu da hannu biyu. Ba a rubuta cewa ban da gurgu ba, amma irin aikin ya riga ya faɗa. Tsakanin mai cikakkiyar lafiya da wanda ke kwance sai an juya shi akwai jama'a mai yawa: wanda shan inna ya taɓa tun yana yaro, mai ji da kunne ɗaya, mai sikila da ke yin sati uku garau sannan ya kwanta sati guda, mai farfaɗiya, wanda ganinsa ke raguwa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan mutum 16 cikin 100 a duniya suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Ko rabin wannan lissafi muka ɗauka, babu unguwar da ta tsira.

Abu na biyu da ake mantawa shi ne tallafin nan biyu ba ciwo ɗaya suke magani ba. Na rashin aiki yana cike gurbin kuɗin shigar da babu. Na nakasa kuwa yana rage ƙarin nauyin da lalura ta ɗora wa mutum a kan na kowa. Wanda ke da ƙafa zai taka daga gida zuwa makarantar da yake koyarwa. Mai sanda sai ya hau babur, zuwa da dawowa, kullum. Mai lafiya yana zuwa Kano in ya ga dama. Wanda likita ya ba ranar dawowa dole ya je, kuma sau da yawa da ɗan rakiya, kuɗin mota ya zama biyu. Keken guragu yana cin taya da sarƙa, sandar ƙarfe tana cin roba, na'urar ji tana cin batir. In ka ba mutum biyu N30,000 kowanne, ɗaya mai lafiya ɗaya mai lalura, a takarda ka yi adalci, amma a aljihu na biyun ya karɓi ƙasa da haka tun kafin ya sayi kwanon masara.

Ingila ta gane wannan. Tun 2013 suna da wani tallafi da ake kira PIP, wanda ake biyan mai nakasa ko yana aiki ko ba ya yi, ba tare da duba albashinsa ba, domin an ɗauke shi a matsayin kuɗin ƙarin ɗawainiya. Afirka ta Kudu kuwa ta bi ɗaya hanyar: wanda ke karɓar kuɗin nakasa ba ya cikin masu samun Rand 350 ɗin da aka fara ba marasa aiki a 2020. Amma su kuɗin nakasarsu abu ne tsayayye da ke shiga duk wata, kuma ya ninka wancan sau da dama. Mu da ba mu da ko ɗaya a tsaye, ɗaukar dokar hana haɗawa ba tare da ɗaukar albashin ba zalunci ne kawai. Kusa da mu, Jigawa ta gwada abin a zamanin Sule Lamido: daga 2007 aka fara biyan nakasassun da aka tantance N7,000 a wata. Ba kowa ya samu ba, amma ta nuna cewa jiha a Arewa tana iya mayar da abin haƙƙi na wata-wata, ba sai gwamna ya zo gari ba.

Ba ma sai mun je Turai neman hujja ba. A babin zakka malamanmu na Malikiyya sun bayyana faƙiri da cewa shi ne wanda ya mallaki wani abu amma ba zai ishe shi shekara ba. Ba su ce sai wanda ba shi da ko allura ba. A Suratul Kahfi an kira masu jirgin ruwan nan miskinai, alhali jirgi gare su kuma aiki suke yi a teku. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, kuma ladan ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha bar masa riƙon Madina in zai yi tafiya. Makantarsa ba ta hana a ba shi aiki ba, aikin kuma bai sa an ce ya daina zama makaho ba. Tarihi ya nuna halifa Walid ɗan Abdulmalik ya sa an ba makafi 'yan jagora, guragu kuma masu yi musu hidima, daga baitulmali. Mu da muka gaji wannan, bai kamata a ce sai mutum ya rantse ba ya iya komai kafin mu taimake shi ba.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ganin aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu masu nakasa ne. Ta sa tarar N100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da N1,000,000 ga kamfani. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ita ce ta haifar da Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa a 2020, kuma Kano tana da tata dokar. Ku lura da kyau: dokar da ta ce a ba mutum shaidar nakasa, ita ce ta ce a ɗauke shi aiki. Ke nan a idon doka, riƙe shaidar nakasa a hannun dama da takardar neman aiki a hannun hagu shi ne ainihin abin da ake so ya faru.

Masu suka suna da hujjojinsu, kuma ba na raina su.

Na farko, gurbi kaɗan ne. In gurbi dubu ne a ƙaramar hukumar da matasanta marasa aiki suka ninka haka sau da yawa, duk wanda ya samu biyu kamar ya hana wani ɗaya ne. Wannan gaskiya ne in tallafin biyu iri ɗaya ne. Wanda ya karɓi buhun shinkafa a layin mazaɓa, ya zaga ya karɓi wani a layin nakasassu daga rabo guda, ya ci rabon wani, ko da kuwa da sanda yake tafiya. Amma wanda ya samu gurbin koyarwa na wucin gadi, sannan aka ba shi keken da zai kai shi makarantar, me ya ci na wani? Keken ne ma ya sa gurbin bai tashi a banza ba. Ma'aunin shi ne a tambaya: buƙata ɗaya ce aka biya sau biyu, ko buƙatu biyu ne aka biya kowace sau ɗaya?

Na biyu, akwai 'yan damfara. Akwai mai ɗingishin ranar rabo, wanda da an watse zai miƙe. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai mu tambayi kanmu, wa ya fi cinye gurbin nakasassu a garuruwanmu: gurgun da ya nemi aiki, ko lafiyayyen da wani mai faɗa a ji ya rubuta sunansa? A Janairun 2024 an dakatar da ministar jinƙai da shugabar hukumar da ke kula da shirye-shiryen tallafi bisa zargin karkatar da kuɗi, aka tsayar da shirye-shiryen baki ɗaya na wani lokaci. Ba guragu ne suka jawo wannan ba. A bar jaki a riƙa dukan taiki ba zai cike ramin ba.

Na uku, wasu na cewa tallafi yana kashe zuciya. Ni kuwa na ga akasin haka ne ke faruwa. Tsarin da ke cewa "in ka samu aiki mun cire sunanka" shi ne mai kashe zuciya, don yana hukunta wanda ya motsa. Wanda ya san cewa ranar da aka gan shi yana gyaran waya a bakin kasuwa za a ce ashe lafiyarsa ƙalau, zai gwammace ya zauna a gan shi a zaune. Haka muke tura mutane bara da hannunmu, sannan Hisbah ta zo kamen mabarata. Ku je ku ga ƙungiyar waɗanda shan inna ya taɓa a birnin Kano, masu ƙera keken guragu da hannunsu. Suna walda, suna sayarwa, suna koya wa yara, kuma har gobe suna buƙatar a tallafa musu. Sana'ar ba ta soke buƙatar ba.

Har taken nan da muke so, "nakasa ba kasawa ba ce", yana da kaifi biyu. An ƙirƙire shi don a daina raina mutane, kuma ya yi aiki. Amma wani lokaci a bakin mai rabo sai ya zama hanyar korar mutum: tunda ba kasawa ba ce, je ka nema kamar kowa. Gaskiyar ita ce nakasa kasawa ce a wani abu, ba a komai ba. Makaho ya kasa karanta allon sanarwa da aka kafe a sakatariya, bai kasa koyar da tajwidi ba. A taimake shi a inda ya kasa, a ba shi hanya a inda yake iyawa.

Me ya kamata a yi a nan gida? Ba sai an jira Abuja ba. Ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo suna iya ware kashi 5 cikin 100 na duk wani gurbin matasa da ya zo ga masu nakasa, su kuma zaɓa musu ayyukan da suka dace: rajista, kula da ɗakin karatu, koyarwa, rubuta sunaye a wurin rigakafi. Tun Yulin 2024 masarautar Ƙaraye ta ƙunshi waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, tare da sarakunan makafi da na guragu da ƙungiyoyin nakasassu, suna iya haɗa rajista guda wadda za ta rubuta abu biyu a gaban kowane suna: lalurarsa, da abin da yake iya yi. Rajistar da muke da su yanzu rabin farko kawai suke tambaya. A kuma riƙa karanta sunayen waɗanda suka samu a bainar jama'a, a ƙofar gidan dagaci, inda kowa ya san mai ɗingishin gaske.

Ga wanda abin ya shafa kuwa, shawarata ita ce kada ka rage gaskiya kuma kada ka ƙara mata gishiri. A fom ɗin aiki ka rubuta lalurarka da irin aikin da za ka iya. A fom ɗin nakasa ka rubuta cewa kana sana'a in kana yi. In wani shiri ya fito fili ya ce ba a haɗa shi da wani, ka bi sharaɗin ko da kana ganin bai dace ba, sannan ka yi ƙorafi ta hanyar ƙungiya. In ka samu aiki tsayayye, ka sauka daga layin marasa aiki don na bayanka. Ka adana rahoton likita, ka tabbata sunanka na NIN da na BVN iri ɗaya ne, don saɓanin harafi ɗaya ya sha hana mutane kuɗinsu. In kuwa a bakin aikin kamfani ka ji rauni, kamar 'yan uwanmu da ke tafiya masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ka sanar da mai aikin cikin kwana 14, a kai buƙatar diyya ga NSITF cikin shekara guda, kuma wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Mai asusun fansho na tarayya ko na kamfani da ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara, bisa dokar fansho ta 2014. Waɗannan haƙƙoƙi ne, ba alfarma ba, amma mutane da yawa ba su taɓa jin labarinsu ba.

Mu kuma da Allah ya ba ɗan ilimin rubutu, a ƙauyukanmu mu ne ake kawo wa fom a ce "cike min", mu ne ake sa wa rubuta takardar koke. Sau da yawa mu ne ke ba da gurguwar shawarar nan ta "kada ka rubuta kana da lalura, za su cire ka", ko "ka ce ba ka iya komai, sun fi tausayawa". Duk lokacin da muka yi haka mun taimaki mutum ɗaya na rana ɗaya, mun kuma ƙara tabbatar wa masu rabo cewa mutane iri biyu ne kawai. In za mu cike, mu rubuta mutumin yadda yake, da ƙafar da ta gaza da hannun da ke aiki.

Lafiya aro ce. Titin da ya karya wancan matashi shi muke bi kullum, kuma babu wanda aka ba takardar cewa zai tsufa da idonsa da ƙafarsa. Dokar da muka yarda a yi wa gurgu yau, ita za a karanta mana in rana ta juya.

Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, ya ba marasa aikinmu abin yi mai albarka.